Asalin Tsatson Uwa na M31 da M32 a Tsibiran Andaman

A watan Mayu na 2005 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani gajeren rahoto daga cibiyar binciken ƙwayoyin halitta ta CCMB da ke Haidarabad a ƙasar Indiya, wanda Kumarasamy Thangaraj da Lalji Singh da abokan aikinsu suka sa wa hannu. Rahoton ya ce an gano wasu rassa biyu na tsatson uwa a jinin mutanen asali na tsibiran Andaman, waɗanda ba a taɓa ganin irinsu a wani wuri ba, aka raɗa musu suna M31 da M32. Masu binciken sun fassara wannan da cewa kakannin mutanen sun isa yankin tun ficewar farko da ɗan Adam ya yi daga Afirka, tsakanin shekara 50,000 da 70,000 da suka wuce, kuma zuriyarsu ta zauna a keɓe har zuwa zamaninmu. Magana ce mai daɗin ji, jaridu suka ɗauke ta suka yaɗa, har ta zauna a bakin mutane tamkar abin da aka gama tabbatarwa. Sai dai ba a cika shekara guda ba aka fara samun hujjar da ta girgiza ta, kuma cikin shekaru takwas da suka biyo baya yawancin masanan da suka sake duba al'amarin sun rage wancan adadi da fiye da rabi. Yadda aka kai ga ƙiyasin farko, da yadda aka warware shi, su ne abin da wannan nazari ya sa a gaba.

Tsibiran Andaman suna cikin Tekun Bengal, a jere daga arewa zuwa kudu. A siyasance na Indiya ne, amma tsakaninsu da gaɓar Indiya ya haura kilomita 1,000, alhali ƙarshensu na arewa bai fi nisan kilomita 300 daga gaɓar Myanmar ba. Wannan bambancin nisa yana da muhimmanci a abin da zai zo nan gaba. A kudu kuma akwai tsibiran Nikoba, waɗanda wani mashigin teku mai faɗin kusan kilomita 150 ya raba su da Andaman. Mutanen asali na Andaman rukuni-rukuni ne. Akwai mutanen Babban Andaman, waɗanda a da ƙabilu goma ne kowace da harshenta. Akwai Jarawa a yammacin tsibiran tsakiya da na kudu. Akwai Onge a Ƙaramin Andaman. Akwai mutanen tsibirin Sentinel ta Arewa. Sai kuma Jangil, waɗanda suka ƙare tun a farkon ƙarni na 20. Dukkansu mafarauta ne da masunta da masu tsintar abincin daji, gajeru ne, baƙaƙe wuluk, masu murɗaɗɗen gashi. Wannan kama ce ta sa Turawa suka daɗe suna danganta su da Afirka, har aka yi ta yawo da wani labari marar tushe cewa wai jikokin bayi ne da jirgin ruwan Turawan Fotugal ya nutse da su a kusa da tsibiran.

Yadda ake karanta tsatson uwa

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda aikinsu shi ne samar wa jiki kuzari daga abinci. Waɗannan sassa suna da nasu ɗan ƙaramin zaren DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jere kamar haruffa, daban da babban kundin gadon da ke cibiyar ƙwayar halitta. Tsawonsa haruffa 16,569 ne kacal, kuma an fara karanta shi gaba ɗaya a Kambirij ta Ingila a 1981. Abin da ya sa ya zama abin dogaro ga masu bin diddigin asali shi ne daga uwa kaɗai ake gadonsa. Ɗa namiji yana karɓa daga mahaifiyarsa amma ba ya miƙa wa 'ya'yansa, mace ce kaɗai take miƙawa, kuma ba ya cakuɗuwa da na uba kamar yadda sauran kundin gado yake yi. Don haka abin da ke jikin mutum a yau shi ne abin da ke jikin kakarsa ta wajen uwa, da kakar kakarsa, haka har iya inda aka tsaya, in ban da ɗan sauyin harafi da kan auku jefi-jefi.

Wannan sauyi yana kama da kuskuren mai kwafar littafi da hannu. Idan wani marubuci ya sauya harafi guda, duk wanda ya kwafa daga takardarsa zai ɗauki kuskuren, kuma idan aka tara kwafi ɗari za a iya gane waɗanda suka fito daga hannu ɗaya ta hanyar kurakuran da suka yi tarayya a kai. Haka masana suke haɗa mutanen da suka yi tarayya a wasu sauye-sauye su ce reshe ɗaya ne, su ba reshen harafi da lamba. Kuma da yake sauyin yana aukuwa ne a kan wani matsakaicin lokaci, kusan sau ɗaya a cikin shekara 3,600 idan aka ɗauki dukan zaren bisa ƙiyasin da Pedro Soares da abokan aikinsa suka fitar a 2009, ana iya ƙirga bambancin da ke tsakanin mutum biyu a kimanta tun yaushe suka rabu daga uwa ɗaya.

Tushen wannan bishiya a Afirka yake, kamar yadda Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson suka nuna a 1987. Wani reshe da ake kira L3 ya ɓullo a gabashin Afirka kimanin shekara 70,000 da suka wuce. Wasu daga cikin 'ya'yansa sun zauna a nahiyar suka bazu, irin su L3b da L3d da L3e da L3f, waɗanda ake samu a yau a Afirka ta Yamma da yankin Tafkin Chadi, har da cikin Hausawa. Biyu kuma, M da N, su ne uwayen kusan duk tsatson uwa na mutanen da ke wajen Afirka. Reshen M shi ne mafi rinjaye a Indiya, inda kusan kashi 60 cikin 100 na jama'a suke ɗauke da shi, kuma a can ya yi rassa masu yawa da zurfi da ba a samunsu a wani wuri. M31 da M32 rassa ne na wannan M. Wannan kaɗai ya isa ya kashe labarin jirgin bayi, domin da mutanen Andaman jikokin 'yan Afirka ne na kwanan nan, da rassan L za a gani a jininsu, kamar yadda ake gani a cikin al'ummar Siddi ta Gujarat da Karnataka, waɗanda kakanninsu aka kawo daga gabashin Afirka cikin ƙarnonin baya.

Daga gashin gidan tarihi zuwa rahoton 2005

Ba a 2005 aka fara duba jinin mutanen Andaman ba. A 2003 an buga bincike biyu. Na farko na Thangaraj ne da abokan aikinsa, cikinsu har da Erika Hagelberg, waɗanda suka haɗa jinin mutanen da ke raye da wasu tufkokin gashi da masanin al'adu Alfred Radcliffe-Brown ya yanko daga kan mutanen tsibiran tsakanin 1906 da 1908, aka adana su a Kambirij kusan shekara ɗari. Na biyu na Phillip Endicott ne da abokan aikinsa, waɗanda suka ciro DNA daga ragowar gawarwakin mutanen Andaman da aka kwashe zuwa gidan tarihi a Landan a zamanin mulkin mallaka. A lokacin ba a saba karanta dukan zaren ba saboda tsada, sai a karanta wani ɗan yanki mai haruffa 'yan ɗaruruwa inda sauyi ya fi yawa. Matsalar wannan yanki ita ce harafi ɗaya yana iya sauyawa sau da dama a rassa mabambanta, har mutum biyu da ba su da kusanci su yi kama da juna. Da wannan gajeren karatu aka jingina mutanen Andaman ga rassan M2 da M4 na Indiya, abin da cikakken karatu ya nuna daga baya cewa ba haka yake ba.

Ci gaban da rahoton 2005 ya kawo shi ne karanta dukan haruffan, daga farko har ƙarshe, na mutum biyar daga Onge, biyar daga Babban Andaman, biyar daga Nikoba. Mutanen Nikoba suka fito da rassan da aka sani a kudu maso gabashin Asiya, abin da ya dace da harshensu, wanda dangin harsunan Mon da Khmer ne. Na Andaman kuwa suka fito da sauye-sauyen da ba su dace da kowane sanannen reshe ba, kuma rassan biyu sun rabu ne kai tsaye daga gindin M. A fitowar mujallar ta wannan rana kuma aka buga binciken Vincent Macaulay da abokan aikinsa kan mutanen Orang Asli na Malesiya, wanda shi ma ya samo tsofaffin rassa na musamman, ya kuma kafa hujja da su cewa ɗan Adam ya bi gaɓar Tekun Indiya cikin hanzari, a tafiya guda, kimanin shekara 65,000 da suka wuce. Rahotannin biyu suka ƙarfafi juna, tsibiran Andaman suka zama kamar zango a kan waccan hanya ta bakin teku inda wasu matafiya suka sauka ba su sake tashi ba.

A nan ne raunin hujjar yake, kuma rauni ne na tunani, domin karatun haruffan kansa daidai ne. An haɗa abu biyu da ya kamata a raba: shekarun reshe, da shekarun zaman mutane a wuri. Idan aka ce M31 ya rabu daga gindin M shekara 60,000 da suka wuce, abin da aka faɗa shi ne lokacin da uwar reshen ta rayu, ba a faɗi inda ta rayu ba. Zuriyarta na iya zama a babban yankin Asiya na tsawon shekara dubbai kafin wasu daga cikinsu su tsallaka teku. Abin da ya sa aka ɗora haihuwar reshen a kan tsibiran shi ne rashin ganinsa a wani wuri. To amma a wancan lokaci cikakkun zarurrukan da aka karanta daga Indiya ba su taka kara sun karya ba, a ƙasar da mutanenta suka haura biliyan ɗaya, wadda hukumar nazarin al'ummominta ta ƙirga al'ummomi 4,635 a cikinta, da yawansu ba sa auratayya da na waje. Daga Myanmar kuwa, maƙwabciya mafi kusa, kusan babu komai a hannu. Reshen da ba shi da yawa zai iya ɓuya a irin wannan taro cikin sauƙi.

Yadda ƙiyasin ya warware

A watan Janairu na 2006 mujallar ta buga martanin Malliya Gounder Palanichamy da abokan aikinsa. Sun samo M31 a cikin mutanen Rajbanshi na arewacin jihar Bengal ta Yamma, a gindin tsaunukan Himalaya, nesa da teku. Ba ainihin irin na Andaman ba ne, ɗan'uwansa ne, aka kira shi M31b, daga baya kuma aka ga danginsa a Nepal. Da wannan samuwa maganar cewa reshen na tsibiran ne kaɗai ta faɗi. Duk da haka mai kare ra'ayin farko yana da sauran abin cewa, domin M31b da na Andaman sun rabu tun da daɗewa ƙwarai, ana iya cewa rabuwar ta faru ne a kan hanya tun a tafiyar farko.

Binciken 2008 na S. S. Barik da Endicott da abokan aikinsu ne ya rage faɗin wannan kafa, ko da yake su da kansu sun ce bai toshe ta gaba ɗaya ba. Sun faɗaɗa samfur a tsibiran har da Jarawa, suka kuma bincika ƙabilun gabashin Indiya, inda suka samo wani reshe mafi kusanci a yankin Odisha. Sai bishiyar ta koma haka: M31 ya kasu zuwa M31a da M31b, shi kuma M31a ya kasu zuwa M31a1, wanda ke Andaman, da M31a2, wanda ke babban yankin Indiya. Wannan tsari yana magana da kansa. Tunda rassa biyu na babban yanki sun kewaye reshen tsibiri a kan bishiyar, ɗaya ɗan'uwa na kusa ɗaya na nesa, fassara mafi sauƙi ita ce M31 ya girma ne a babban yanki, wani ɓangarensa ya tsallaka daga baya. Kuma tsallakawar ba za ta riga rabuwar M31a1 da M31a2 ba, wadda suka ƙiyasta a kusan shekara 24,000 da suka wuce, da tazarar kuskure ta shekaru dubbai ta kowane ɓangare. Wani bincike na 2011 daga masanan ƙasar Sin da Indiya ya goyi bayan cewa tushen reshen yana wajen arewa maso gabashin Indiya, a 2013 kuma Gyaneshwar Chaubey da Endicott suka sake tattara dukan hujjojin suka tsaya a kan cewa zaman tsibiran bai wuce shekara 26,000 ba.

Wannan sabon adadi ya dace da wani abu da ba daga jini ya fito ba. Tsakanin shekara 26,000 da 19,000 da suka wuce duniya tana tsakiyar zamanin ƙanƙara na ƙarshe, ruwa mai yawa ya daskare a arewacin duniya, teku ta ja baya da kusan mita 120. A lokacin gaɓar Myanmar ta miƙo kudu sosai ta wajen bakin kogin Irrawaddy, ƙananan tsibiran Preparis da Koko da ke tsakani sun faɗaɗa, tsibiran Andaman kuma da yawansu sun haɗe sun zama ƙasa ɗaya. Ruwan da ya rage a tsallaka ya zama 'yan gajerun mashigai, abin da mutane masu ƙaramin kwalekwale za su iya. Da ƙanƙara ta narke teku ta dawo, hanya ta yanke, waɗanda ke ciki suka zauna a ciki. A ganina wannan bayani ya fi na farko ƙarfi, saboda ya ba da dalilin shiga ya kuma ba da dalilin keɓewa, kuma bai buƙaci a ɗauka cewa wata ƙaramar al'umma ta rayu shekara 60,000 a kan tsibirai ba tare da ta ƙare ko ta gauraya ba. Tonon ƙasa bai kai ko kusa da ɗaya daga cikin adadin biyu ba: mafi tsufan tarin ɓawon kifin teku da Zarine Cooper ta tono a tsibiran, a wurin da ake kira Chauldari, bai wuce shekara 2,300 ba. Wannan bai rushe komai ba, domin matsugunan bakin teku na zamanin ƙanƙara a yau suna ƙarƙashin ruwa.

Abin da sauran kundin gado ya ƙara

Tsatson uwa zare ɗaya ne daga cikin dubban kakannin mutum, don haka ba ya isa shi kaɗai. A 2009 David Reich tare da Thangaraj da Singh suka duba babban kundin gado na al'ummomin Indiya, suka nuna cewa kusan dukansu gauraye ne na tushe biyu, ɗaya mai kusanci da mutanen yammacin Asiya da Turai, ɗaya kuma tsohon tushe na kudancin Asiya. Mutanen Onge sun fito a matsayin dangin wannan tushe na biyu, ba tare da gaurayen na farko ba. Dangi ne na nesa, waɗanda suka rabu shekaru dubbai masu yawa, kuma masana suna amfani da su ne a lissafi a madadin wancan tsohon tushe saboda babu wata al'umma a babban yanki da ta rage da shi zalla. A 2018 kuma Hugh McColl da abokan aikinsa suka karanta DNA na tsofaffin ƙasusuwan mafarautan kudu maso gabashin Asiya, ɗaya daga ƙasar Lawos mai kusan shekara 8,000, ɗaya daga Malesiya, suka ga cewa Onge na cikin mafiya kusanci da su a cikin mutanen yau. Wannan ya ja hankali zuwa gabas, ya kuma dace da hanyar Myanmar. Hoton da ya fito shi ne na wata tsohuwar jama'ar mafarauta da ta bazu daga gabashin Indiya har zuwa Malesiya, wadda manoman da suka zo daga baya suka haɗiye mafi yawanta, aka bar ɓurɓushin tsatsonta nan da can, a cikin Rajbanshi, a cikin ƙabilun Odisha, da kuma a tsibiran da noma bai isa ba.

Akwai wani abu da dole a sa a lissafi duk lokacin da ake maganar jinin mutanen Andaman, kuma abu ne mai ɗaci. Lokacin da Ingila ta kafa sansanin fursunoni a Port Blair a 1858, bayan tawayen Indiya na 1857, an ƙiyasta mutanen Babban Andaman a kusan 5,000. Ciwon tunjere ya shige su a shekarun 1870, ƙyanda ta biyo baya a 1877, mura mai tsanani ta zo a shekarun 1890, aka ƙwace dazuzzukansu. Zuwa lokacin da gwamnatin Indiya ta tattara ragowarsu a tsibirin Strait wajen 1970, ba su fi 'yan gomomi ba. Ƙidayar 2011 ta samu mutum 44 na Babban Andaman, Onge 101, Jarawa 380. A watan Janairu na 2010 Boa Sr, wadda ita kaɗai ta rage tana jin harshen Bo, ɗaya daga cikin harsunan Babban Andaman, ta rasu. Idan al'umma ta ragu daga dubbai zuwa gomomi, duk macen da ta mutu ba ta bar 'ya mace ba ta tafi da tsatsonta. Saboda haka rassa biyun da ake gani a yau su ne waɗanda suka tsira, kuma ƙarancin bambancin da ke cikinsu yana ɗauke da tabon ƙarni na 19 tare da alamar tsohuwar keɓewa. Wannan ne ya sa gashin da Radcliffe-Brown ya yanka da ƙasusuwan gidajen tarihi suke da daraja ga bincike, duk da cewa hanyar da aka bi aka tara da yawansu ba ta mutunta masu su ba.

Ƙiyasin shekara 60,000 ya kuma yi wani tasiri a wajen ɗakin bincike. Ya ba da rigar kimiyya ga tsohon kallon da ake yi wa mutanen a matsayin ragowar zamanin dutse, kallon da ya sa masu yawon buɗe ido suke bin babbar hanyar da ta ratsa dajin Jarawa suna leƙensu ta tagar mota, hanyar da Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarnin rufewa a 2002 amma aka ci gaba da amfani da ita. Hujjar jini ba ta goyi bayan wannan kallo ba. Tazarar da ke tsakanin macen Onge da uwar L3 daidai take da tazarar da ke tsakanin macen Tokyo ko ta Landan ko ta Kano da uwayensu na wancan zamani, kuma sauye-sauyen da suka taru a M31a1 sun taru ne a kan ma'aunin lokaci ɗaya da na kowa.

Reshen M32 bai samu ɗan'uwa na kusa a babban yanki ba kamar yadda M31 ya samu, don haka shi kaɗai ba ya iya sanya iyaka ga lokacin tsallakawa, kuma adadin shekara 24,000 zuwa 26,000 ya rataya ne a kan M31a. Wuraren da suka fi dacewa a nemi danginsa su ne Myanmar da tsaunukan arewa maso gabashin Indiya, inda har yanzu samfur yake da ƙaranci idan aka kwatanta da yawan ƙabilun da ke wurin. Mutanen Sentinel ta Arewa kuwa ba su shiga wannan bincike ba, kuma bai kamata su shiga ba. Dokar kare ƙabilun asali ta 1956 ta hana kusantar tsibirinsu, su da kansu sun nuna da kibiya cewa ba sa son baƙi, kuma abin da ƙyanda ta yi wa maƙwabtansu a 1877 zai iya maimaituwa a kansu daga ziyara guda ta mai ɗibar jini.